Laccar Furofesa Maiƙo

A duk garin Lindenrode na ƙasar Jamus babu mai ilimin Malam Eckehard Pfannenstiel, shi da kansa ya tabbatar da haka. Shekara talatin yana koyar da nahawun Jamusanci, har allon mai gidan burodi sai da ya gyara wa rubutu. Gashinsa kullum a kwance da mai, yana ƙyalli kamar kaskon suya. Mutanen gari, don tsabar girmamawa, Furofesa Maiƙo suke ce masa, a bayan idonsa.

Ya tsaya takarar kansila. Ana saura mako guda zaɓe, ya damƙi hannun Waltraud mai sayar da tsire a kasuwa, ya ƙi saki, wai ƙuri'a yake nema. Ta fizge, ta goge a zanen aikinta, ta ce masa "schmierig". Da ƙaramin mutum ne da ya haɗiye. Shi kuwa zauren gidan giya ya kama, ya kira lacca.

"Jahilci ke damun garin nan," in ji shi, yana shafa ƙeya. "Kalmar nan schmierig daga smero ta fito, wato kitse a bakin kakanninmu. Kitse fa! Da shi suke shafa ƙafar amalanke, da shi suke maganin ciwo. Yabona matar nan ta yi, ba ta sani ba."

Da a nan ya tsaya da ya tsira, amma ilimi na cin sa.

"Daga baya marasa karatu suka ɓata ta. Wai abu mai maiƙo. Wai mai dauɗa. Wai mai fadanci, ko ba haka ba, ranki ya daɗe, tauraruwar Lindenrode?" Ya kashe wa matar magajin gari ido. "Wai mai kwarkwasar banza. Daga tushenta ma aka samo sunan cin hanci. Af, giyar yau kyauta ce, ku dai tuna da ni ranar Lahadi a rumfar zaɓe."

Ya buɗe hannuwa yana murmushi. "To, jama'a, wace ma'ana a ciki ta dace da ni?"

Matarsa Gudrun, da ke saƙa a layin gaba, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ecki," ta ce wa mijin nata, "maganin ciwon ne kaɗai ban taɓa gani a wurinka ba."

Ranar Lahadi ya sami ƙuri'a ɗaya. Yanzu haka yana can yana binciken asalin kalmar butulci.