Lotsar Jar Mota

"…lafiya lau, sai dai gwiwa. Ke kuma wa ya mutu kika tuna da ni da safen nan?"

"Babu wanda ya mutu, angona. Na zo ne in duba ko kai ne."

Daga nan na tsinci gaisuwar, ina tsaye kan benci ina ɗaura igiyar shanya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na tsohon, kuma ba ni na gina ta gajeriya ba. Shi tsohon direba ne da ya ajiye sitiyari tuntuni. Ita kuma jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, wadda aikinta zane a kwamfuta. In suka haɗu, ko rediyo ba na kunnawa.

Abin da ya kawo ta kowa a layinmu ya sani. Tsohon yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere ta zamanin da, ga dogon hanci, ga fitilu kamar idon mujiya. Tun kafin a haifi yarinyar take manne da katangata a ƙarƙashin rumfa, tayoyi sun zauna, kaji sun mayar da kujerar direba wajen ƙwai. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo, ya kore su. 'Ya'yansa sun yi magana har sun gaji. Ita kaɗai ta ƙi gajiya. So take a ja motar zuwa wajen mai gyaran jiki, a sake ta bisa wani zane da ta yi. Shi kuma ya ce ta kawo zanen ya gani: in ya yi masa, ta ɗauka, in bai yi ba, kada ta ƙara tayar masa da maganar har ya bar duniya. Ranar nan ce ranar gani.

Ta ja kujera kusa da tabarmarsa, ta buɗe kwamfutar a cinya, ta yi masa bayanin yadda ta bi jikin motar da waya tana ɗaukar hoto, kwamfuta ta haɗa hotunan ta gina motar a ciki, ita kuma ta zauna ta yi mata kwalliyar zamani. Ya ce ta rage surutu, ba wa'azi ya zo ji ba. Ya goge tabarau da bakin riga ya leƙa.

"Ina motar?"

"Ga ta a gabanka."

"Wannan ai sabulun wanka ne da aka sa wa taya. Ina idanunta?"

"Na rage su. Sirara ake yayi yanzu."

"Motar da ke kallon mutum ido cikin ido, kin mayar da ita munafuka, tana leƙen jama'a ta wutsiyar ido. Kuma me ya kwantar da ita a ƙasa kamar ƙadangare? Ta ina zan shiga?"

"Wa ya ce da kai za a shiga? A baya za mu ɗaure ka, a matsayin safaya taya."

"Safayar ma ta fi ki amfani, ita ko ba komai tana yin shiru."

Ya nemi hannun buɗe ƙofa bai gani ba, ta ce taɓawa ake yi ta buɗe. Ya ce to ɓarayi sun gode. Ya tambayi inda agogunan gaban direba suka tafi, ta nuna masa wani allo mai haske, ya ce shi mota ya bari, ba gidan kallo ba. Daga nan ya gyara zama ya shiga ba ta tarihi, wai da motar nan ya taɓa tsere da ruwan sama, hadari ya taso a bayansa, ya iso gida ya kwashe shanya ya sha shayi, sannan ɗigon farko ya sauka. Ta ce ita kuma babanta ya gaya mata mai keke ya taɓa wuce su a hawa, har ya waiwayo ya tambaya ko a taimaka. Ya ce babanta a lokacin majina yake sha, shaidarsa ba ta karɓuwa.

Ni dai ina ta dariya a cikina, amma na lura tsohon ya fara naɗe tabarau. In ya naɗe tabarau, magana ta ƙare. Ya ce ta yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka, amma a bar masa motarsa da kajinsa. Yarinyar ta yi murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a gaban baƙi. Sai da ta kai hannu za ta rufe kwamfutar, ta fasa.

"Tsaya, tsoho, ka ga abu ɗaya kafin ka mutu da jahilci."

Ta sa yatsa ta juya motar a allon, gefenta ya fito. Akwai wani layi da ya lotsa ciki, ya taso daga tsakiyar ƙofa ya gangara a hankali har kan tayar baya. Ta ce duk abin da ke jikin motar ta taɓa, ban da wannan. Wai duk wanda ya gani a wajen aikinsu a nan idonsa ke tsayawa, har shugabansu ya ce masu ƙera motocin zamanin da sun san abin da suke yi, layi ɗaya ya sa mota tana gudu alhali tana tsaye. Ita dai ƙara masa kaifi kawai ta yi.

Tsohon ya warware tabarau ya mayar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta juyo masa ɗaya gefen. Ta juya. Ga layin nan a can ma, tamkar tagwaye.

Sai ya fara dariya. Tun yana yi a hankali har hula ta faɗi, har kazar da ke cikin motar ta fito ta gudu.

"Maƙwabci, na san kana nan, igiyar nan ba ta kai tsawon haka ba. Leƙa tsakanin katangarka da motar, ka gaya wa amaryata abin da ka gani."

Tunda an kama ni, na leƙa. Wurin ba ya shigar ko kyanwa mai ciki, amma daga sama ana gani. Na ce gaskiya gefen nan sumul yake kamar ƙwai, babu layi babu ɗan'uwan layi.

Ta ce ai ba ta samu shiga can da waya ba, kuma a aikinsu gefe ɗaya ake zanawa, kwamfuta ta kwafa ta manna a ɗayan, tunda kowace mota hagunta da damanta ɗaya ne.

"Kowace mota ban da wadda kakarki ta tuƙa," in ji shi. "Mai ƙera layin nan ita ce, Allah ya jiƙanta. Ita da ginshiƙin ƙofar gidan nan."

Ya ce yana koya mata tuƙi ne, suna sabon aure. Suna shigowa gida ya ce mata ta taka burki, sai ta taka totur, motar ta goga jikin ginshiƙi daga ƙofa har taya. Da suka tsaya, ba ta ko girgiza ba, ta dube shi ta ce wanda ya gina ƙofar nan bai iya aiki ba. Fenti kawai ya sa aka shafa a kai. Tun daga nan duk mai gyaran da aka kawo, kafin ya gama sallama ya ɗora hannu a wurin ya ce wannan za mu fara bugewa, shi kuma ya nuna masa hanyar fita. Sai a lokacin na gane abin da ya sa, duk faɗin gidan nan, gefen lotsar ne ke fuskantar tabarmarsa.

Kunya ta kama yarinyar. Ta ce shi ke nan, ta je ta yi ta yabon haɗari a gaban shugabanta, bari ta goge. Ta kai yatsa, ya kaɗe mata hannu da hula.

"Goge mene? Abu ɗaya tak da kika yi na hankali tun da aka yaye ki?"

"Yanzu ka gama cewa sabulu ne."

"Sabulu ne mai layi. Ki mayar mata da idanunta, ki ɗaga ta yadda mai gwiwa zai shiga ba da rarrafe ba."

"Idanu na ji. Ɗagawa kuwa sai dai kai a rage ka."

"Mara kunya. Je ki kira mai janwe, kafin in dawo hayyacina."

Ta miƙe da sauri har kwamfutar ta kusa faɗuwa, sai kuma ta tsaya ta ce akwai matsala: a zane layi biyu ne, a mota ɗaya. Sai dai ta ce wa mai gyara ya buga na biyun da guduma.

"Kada ya soma. Wannan ba aikin guduma ba ne, ba zai iya ba. A gyara inji, a sa taya, in ba ki sitiyari in zauna a gefe."

"Ni ban iya tuƙi ba, angona."

"Shi ya sa," in ji shi, yana share hawayen dariya. "Jininta ne a jikinki, kuma ginshiƙin yana nan inda ta bar shi. Sai dai ke da baya za ki shigo, ɗaya gefen ya samu rabonsa."