Keken Inna Ya Fita, In Ji Na'ura

Jama'a, jiya na je karɓo wa mahaifiyata keken guragu, na dawo gida da sitika a tafin hannu. Sitika zalla, 'yar takardar da ba ta kai faɗin yatsu biyu ba. In kun ga dama ku yi dariya, ni dai har yanzu raina bai huce ba.

Bari in faro muku daga tushe. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Inna, ba ta sake leƙa ƙofar gida ba. Ba ta taɓa ƙorafi ba, sai da yayarta, wadda muke kira Iya, ita ma ta kwanta, kuma nata ciwon irin wanda likita ke rage murya ne in zai yi bayaninsa. Gidan Iya yana can ƙarshen layinmu, inda mota ba ta shiga saboda ramukan da aka yi alkawarin cikewa tun ina da gashi a ka. Kullum na shiga gaida Inna maganarta ɗaya ce: "Kai, ka kai ni in ga Yaya tun tana gane mutane." Na ce zan goya ta. Ta ce ita da ta goya ni ba za ta bi layi a bayana kamar buhu ba, duniya tana kallo.

Ana cikin haka sai muka ji cewa manyanmu, Allah ya ƙara musu ƙiba, sun sayo kekunan guragu za su raba. Na kai sunan Inna, na yi ta sintiri har takalmina ya haddace hanya. Jiya da safe aka ce in je babban sito in karɓa.

Wanda bai shiga siton nan ba bai ga ci gaba ba. Kantocin ƙarfe har rufi, kwalaye jibge, zafi kamar a gasa mutum. Kuma duk inda ka kai ido sitika ce, fara mai layukan baƙi tsaye-tsaye. Akwai ta a jikin kwali, akwai ta a bokiti, akwai ta a tsintsiya, har fankar da ta daina juyawa an liƙa mata tata. Ga wata na'ura kamar bindigar wasan yara: a haska jan haskenta a kan sitika, ta ce "ƙit", kwamfuta ta rubuta cewa kaya ya shigo ko ya fita. An ce da zuwanta sata ta ƙare. Ni ba ni da faɗa da na'urar, don na gan ta a kantin magani tana aikinta lafiya lau. Faɗana da hannun da aka damƙa wa ita ne.

Mai kula da siton, wanda ma'aikata ke kira Malam Sai-Gobe, ya taso tarbata ba tare da ya tashi ba. A zaune ya iso, a kan keken guragu sabo fil, ko ledar hannayensa ba a ɓare ba. Na tausaya masa, na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce amin, amma shi lafiyarsa ƙalau.

Na faɗi sunan Inna. Ya murza taya zuwa teburinsa, ya danna kwamfuta, ya washe baki.

"Barka, Malam. Ai an ba ta."

"An ba wa?"

"Mahaifiyarka. Ga shi nan, kekenta ya fita tuntuni."

"Wane keke? Yanzu na baro ta a kwance."

Ya juyo min da fuskar kwamfutar, ya nuna min lamba. Sannan ya ɗan karkata, ya nuna min sitikar da ke bayan keken da yake kai. Lamba ɗaya ce.

Na ce, "Malam, ikon Allah! Ai kai ne a kai."

Ya ce, "A ido haka ne. Amma a ƙa'ida, ni a kan abin da ba ya nan nake zaune."

Da ya ga idona ya fara ja, sai ya rage murya ya ba ni labari. Ranar da aka ƙaddamar da tsarin sitika, Mai Girma Uban Almakashi, wanda ba a buɗe ko rijiya sai ya yanka ƙyalle, ya zo da kansa. Aka jera kekunan, aka miƙa masa na'urar don a ɗauki hoto. Ya haska na farko, ta ce ƙit, aka yi tafi. Mai hoto ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake, ido ya rufe." Ya matsa ya haska na gaba. Wani mai hoton ya ce shi bai samu ba. Abin ya yi wa Mai Girma daɗi, ya bi layin kekunan kaf yana ƙit, ƙit, ƙit, 'yan rakiya suna kirari. Ashe an saita na'urar a kan fitar da kaya, kuma an haɗa ta da sunayen masu jira. Duk keken da ya haska, kwamfuta ta rubuta an miƙa shi ga mai shi. Kafin a gama tafi an gama rabo, ba tare da taya ko ɗaya ta motsa ba.

Na ce, "To ku mayar da shi ciki a na'urar, sannan ku fitar min da shi."

"Wanda ya fitar shi ne ke da ikon mayarwa. Ni ne zan je in ce wa Mai Girma ya yi kuskure? Haba Malam, ina da iyali."

"To tunda ya riga ya fita, sauka in tura shi gida."

"Mai gadi ba ya barin ko allura ta wuce sai ya haska ta. Wannan in ya haska, na'ura za ta ce an riga an fitar. Kaya ba ya fita sau biyu. Ɓarawo za a ce da kai."

Na yi roƙo, na yi magiya, na ba shi labarin Iya, abin da ban so ba a gaban mutumin da ke lilo a kan ƙafafun uwata. Kuma wallahi ya tausaya. Ya yi dogon tunani, ya ce ya samo mafita. Ya sa farce ya ɓamɓare sitikar a hankali, ya ɗora min a hannu.

"Abin da kwamfuta ta ce ya fita, lamba ce. Ga lambarku. Yanzu ba wanda ya ci haƙƙin wani."

"Shi kuma keken?"

"Ai yanzu ba shi da sitika. Kayan da ba shi da sitika ba ma bayar da shi."

Ku taya ni jinjina wa waɗannan bayin Allah. Da can in za a hana talaka haƙƙinsa sai an wahala, a zo da mota, a ɗauke kaya, a sallami mai gadi. Yanzu an huta, kaya yana nan a gabanka, kana iya shafa shi ma, kuma ka riga ka karɓa. Ina ba da shawara a faɗaɗa tsarin. A liƙa sitika a gidan mai, Mai Girma ya zo ya haska, mu da ke layi tun asuba mu watse, tunda tankinmu ya cika. A liƙa wa ramukan layinmu, a haska, titi ya samu. Mai jin yunwa ma a liƙa masa a ciki. Me ya fi wannan sauƙi?

A ƙofar gida na tarar da maƙwabcina Magini yana wanke hannu. Ya ce, "Ina keken?" Na buɗe masa tafin hannuna. Ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "A ruwa ake jiƙa shi ya kumbura?" Da ya ji labarin dariyar ta ɗauke masa. Ya shiga gida ya turo baronsa na aiki, duk busasshen siminti a jiki. Ya ce, "Shi ke gare ni. In Inna ba za ta ji haushi ba."

Na shiga ɗakinta da nauyin baki. Ta saurare ni har ƙarshe, ta karɓi sitikar da hannunta mai lafiya, ta juya ta gaba da baya. Matar da ta ƙi goyo don kunya sai ta ce, "Shimfiɗa min bargo a ciki. Wannan kuma ka liƙa ta a gaba, inda kowa zai gani. Ba sun ce sun ba ni ba?"

Haka muka bi layin da yamma, Magini yana turawa, ni ina tallabe da kafaɗarta, baro yana ƙara a kowane rami. Mata suka leƙo, maza suka sunkuyar da kai. Inna kuwa ta gyara zaman mayafinta, tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni ne hawaye ya kusa kunyatawa.

Iya ta gane ta. Da muka kwantar da Inna kusa da ita, ta laluba ta kamo hannunta, ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "Na ji a rediyo an ba ki keke."

Inna ta ce, "Yana ƙofa, Yaya. Har da lambarsa."

Daga nan ta ce mu tafi mu bar ta, ba za ta sake hawa ba, kuma ba za ta matsa daga gefen yayarta ba sai abin da Allah ya yi. Can ta kwana.

Yau da safe saƙo ya shigo wayata. Ana gayyatar duk waɗanda suka amfana su zo taron godiya, kowa a kan kekensa, don ɗaukar hoto da Mai Girma. Za a haska sitikar kowa a ƙofa, saboda 'yan damfara.

Inna ba za ta samu zuwa ba, amma kekenta zai je. Na riga na roƙi Magini kada ya kankare simintin.