Yadda Za Ka Liƙa Fuskarka a Wasan Ƙwallo Ko da Kwamfutar Ta Cika

Kai mai tumbi, kai da rabonka da taka leda tun kana sakandare, albishirinka! Akwai abin da ake kira mod, wato ƙarin da wasu marasa aikin yi ke haɗawa a dasa cikin wasan ƙwallo na kwamfuta, har a liƙa wa ɗan wasan gaba fuskarka. Matsalarsa ɗaya, cin wuri. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai ka ci ƙwallo da fuskarka. Maƙwabcina Koci ya bi su, kuma ya ci.

1. Zaɓi kwamfutar da ba taka ba

Ta matarka ta fi. Koci ma ta matarsa Maman Nana ya ɗauka ranar da ta tafi aikin safe a asibiti, ya share kayan karin kumallo gefe, ya baje a teburin falo. Ai aure haɗin kai ne.

2. Sauke duk abin da ka gani

Kada ka tsaya zaɓe. In shafin ya jera maka fayil ashirin, kwashe su kaf. Kwamfuta za ta yi ja ta ce saura ƙiris ta cika. Ƙyale ta, raki ne irin na na'ura.

3. Fara da goge "karanta ni"

A kowace folda akwai ɗan fayil ɗin bayani da wanda ya haɗa mod ɗin ya zauna ya rubuta maka. Rainin hankali! Kai da ka haɗa gadon yara ba ka duba takarda ba, kusoshi huɗu kacal suka yi saura? Goge su. Koci ya yi rabin awa yana farautarsu ɗaya bayan ɗaya, wurin da ya samu bai kai na hoton fasfo ba. Amma fa ya ji daɗi a ransa, kuma shi ne muhimmi.

4. Nemo mai nauyin gaske

Yanzu jera foldoji daga babba zuwa ƙarama. A sama Koci ya tarar da wadda aka sa wa suna "Nana". Bidiyon 'yarsu ne tun tana jaririya: rarrafe, haƙorin farko, da ranar da ta saki kujera ta tako zuwa wurinsa yana ihu kamar an ci kofi.

A nan zuciyarka za ta ɗan tsinke. Kada ka biye mata. Ce wa kanka za ka kwafe a filashi. Filashin yana cikin mota, motar tana ƙasa, ku kuwa a bene na uku kuke. Sai ka ce, "Ai duk suna wayarta." Kada ka kuskura ka tuna cewa wayar ce ta cika matarka ta kwaso su nan, don a cewarta nan ne ba mai taɓawa. Goge foldar, kamar yadda Koci ya yi.

5. Kwashe shara

Abin da ka goge yana nan kwance a kwandon shara yana cin wuri. Kwamfuta za ta tambaye ka, ka tabbata? Ji wata tambaya! Namiji ba ya shawara sau biyu.

6. Gano gaskiya a makare

Da Koci ya fara dasawa, sai mod ɗin ya ce ya zaɓi yaren sharhi guda ɗaya. Ashe duk tulin nan muryoyin masu sharhi ne cikin harsunan da ko gaisuwa bai iya da su ba. Wani "karanta ni" da ya tsere masa ya buɗe, layin farko ya ce: fayil ɗaya ya ishe ka, kada ka sauke sauran. Masana na kiran wannan garin neman gira. Mu ƙwarewa muke ce masa.

7. Tanadi amsa

"Bairos ne", wato cutar kwamfuta, tana aiki. "An ɗauke wuta" ma ba laifi. Koci ya tanadi duka biyun, sai dai ba Maman Nana ce ta tambaya ba.

Da yamma Nana ta dawo daga makaranta, ta haye cinyarsa da takalmanta.

"Baba, sa mini ni ina ƙarama, inda na faɗi kana dariya."

Uwar tana bakin ƙofar kicin da cokali a hannu. "Sa mata mana, Baban Nana. Tun a hanya take damuna."

Ya ja linzamin kwamfutar sama, ya ja ƙasa. A allo ga shi nan cikin wasan, ba tumbi, ba furfura, ya zura ƙwallo yana zagaye fili, wani yana kururuwa da yaren da ba wanda ya sani a gidan.

Nana ta tafa hannu. "Ga Baba! Ga Baba!" Ta ƙara matsawa kusa, ta duba kusurwa-kusurwa, sannan ta juyo ta kalle shi. "To ni ina?"

Sanarwa

Na yi alkawarin ƙwallo, kuma an ci. Ba ruwana da cokalin da aka ajiye a hankali, ko kwana a kujera. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Tambayar yarinyar kuwa kada ka kawo mini ita, Koci ma har yau bai amsa ba.