Kowala Mai Gidan Bulo

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa garin Mullagong baiwa da su, sai a fara da Neville Prowse, a huta, a sha ruwa, sannan a tuna da sauran. Shi ma kansa haka yake jera su.

Bawan Allah ya ƙare ƙuruciyarsa yana liƙa wa motocin mutane takardar tara a bakin kasuwa. Da ya yi ritaya sai ya duba ya ga babu sauran mai jin tsoronsa, abin ya dame shi ƙwarai. Ya je ya sayo kyamara mai baki kamar taɓarya, da riga mai aljihu ta ko'ina, da hular kaboyi, ya shiga Ƙungiyar Abokan Kowala. Kafin a ankara ya zama shugaba, domin ranar zaɓe shi kaɗai ya zo da jawabi, sauran kuwa kek da shayi suka kawo. Tun daga ranar 'yan ƙungiya ke kiransa Uban Daji, kuma har yau bai gane ba'a ce ba.

Kowala dai wata 'yar dabba ce mai gashi toka-toka da ke kwana a kan bishiya. Aikin ƙungiyar ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Kowace kowala da irin zanen fari-farin da ke bakin ƙofofin hancinta, babu biyu da suka zo ɗaya. Sai mutum ya tsaya ƙarƙashin bishiyar turare, ya ɗaga kai har wuya ya ƙage, ya jira baiwar Allah ta farka daga barcinta ta leƙo ƙasa, ya ɗauki hancin. Hoton ya tafi jami'a, inda wata na'ura ke ciro hanci ta gwada da na baya, ta ce wance ce, an gan ta a wuri kaza. In kuwa sabon hanci ne, wanda ya ɗauka shi ke raɗa suna. Shi ya sa bishiyoyin Mullagong suka cika da kowaloli masu sunayen jikoki da karnukan da suka mutu. Uban Daji ne kaɗai bai taɓa raɗa wa ko ɗaya suna ba, kuma wannan abu yana ci masa rai fiye da ciwon gwiwarsa.

Laifin ba na kyamara ba ne. Neville yana da salonsa na ɗaukar hoto, wanda ƙananan mutane ba su kai ga fahimta ba. Yakan kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya saita ta, ya juya wa bishiya baya, ya gyara hula, ya nuna sama da yatsa.

Wata rana matarsa Glenys ta leƙa hotunan ta ce, "Nev, ai kowalar ba ta fito ba."

"Ga ta nan, uwargida. Wannan toka-tokar da ke saman kunnena."

"Au. Na ɗauka gashinka ne ya tashi."

"Tarihi zai so ya san wanda ya tsaya a wurin," in ji shi, ya rufe kwamfuta.

Ana nan sai wani kamfanin gine-gine ya nemi izinin sare kurmin bakin rafi ya yi gidaje. A kurmin kuwa akwai wata tsohuwar kowala mai goyo, wadda kowa ya san tana nan amma ba wanda ya taɓa samun hancinta, saboda can ƙololuwa take kwana. Majalisar gari ta ce magana ɗaya ce: a kawo shaidar cewa hanci guda ne ake gani a kurmin wata da watanni, mazauniya ce ba mai wucewa ba, sai a bar bishiyoyin.

Wata 'yar ƙungiya, Raelene Kostas, wadda ke sayar da kifi da soyayyen dankali a tsakiyar gari, ta ce a raba kwanaki kowa ya riƙa zuwa. Uban Daji ya miƙe, ya saka manyan yatsunsa a aljihu biyu daga cikin aljihunansa.

"Raelene, ƙawata, na yaba da kishinki. Amma wannan ba aikin 'yan koyo ba ne. Dabbar nan tana da kunya, ba ta son taro. Daga yau kurmin rafi na shugaba ne, kada in ga ƙafar kowa."

"To, ranka ya daɗe," in ji Raelene. "Ka dai riƙa kallon sama, Nev, can suke zama."

Ya yi aiki, ba a hana shi wannan. Kullum yana kurmi, rana tana dukansa, ƙudaje suna bin sa. Da ya gama nan sai ya zaga bayan filin ƙwallo da gefen maƙabarta, duk inda aka ce an ga kowala, ya tsaya ya nuna sama. Hotuna suka yi ta kwarara jami'a.

Dab da zaman majalisa saƙo ya iso wayarsa. Na'ura ta ce a duk hotunansa hanci ɗaya ne, sabo fil, bai yi kama da na kowa ba. An gan shi a kurmi kusan kullum, an gan shi a filin ƙwallo, an gan shi a maƙabarta. Wane suna za a sa masa?

Neville ya zauna a bakin gado, idonsa ya kawo ruwa. Ashe ba tsohuwa kaɗai ce a kurmin ba, akwai wani ƙasurgumin namiji mai mulkin gari kaf, kuma shi ya gano shi. Ya rubuta sunan ba tare da jinkiri ba: Neville Mai Girma. Hoton hancin da aka haɗo da saƙon kuwa bai buɗe ba. Ya tura shi kai tsaye shagon wanke hoto, ya ce a faɗaɗa shi kamar ƙofa, a lulluɓe da ƙyalle, domin yana so ya gan shi tare da jama'a, a kuma ɗauki fuskarsa a lokacin.

Ranar zama zauren ya cika. Ga kansiloli, ga lauyan kamfani, wani siriri mai suna Ashcombe, ga 'yan ƙungiya da kwalayen da suka rubuta a bar kurmi.

"Shugaban majalisa, kansiloli, jama'ar Mullagong," in ji Neville. "Wasu suna kallon daji. Ni daji ne ke kallona. Na sha rana, na sha cizo, na hana kaina hutu, har daji ya tona mini asirinsa. Wannan da za ku gani ba baƙo ba ne. Ɗan gari ne, tsoho mai daraja, wanda kimiyya ta tabbatar babu irin hancinsa a duk ƙasar nan!"

Ya fizge ƙyallen.

Hanci ne kam, babu musu. Ƙato, jajir da ƙunar rana, da tawadar Allah a gefen hagu, da 'yan gasu suna leƙowa daga ciki. A can kusurwar sama, in mutum ya ƙura ido, akwai wani abu toka-toka.

Jama'a suka dubi hoto, suka dubi Neville, suka sake duban hoto. Muryar Glenys ce ta fara fitowa daga baya.

"Wayyo, Nev. Sai da na ce ka riƙa shafa man kare ƙunar rana."

Ashcombe ya bari dariya ta lafa, sannan ya miƙe a hankali yana gyara kwat.

"Shugaba, kamfani bai musa ba. Mun yarda wannan halitta mazauniyar Mullagong ce. Sai dai bincikenmu ya nuna tana da gidan bulo mai ɗaki uku da na'urar sanyaya ɗaki. Ba ta buƙatar bishiyoyin nan."

Raelene ba ta yi dariya ba. Ta roƙi a ƙara musu lokaci, aka ce lokacin da aka bayar ya ishi mai niyya. Kansiloli suka ɗaga hannu, aka ba kamfani izini.

Kafin a kawo zarto, masu ceton namun daji suka hau suka sauko da tsohuwa da ɗanta a keji, za a kai su wani dajin da ba su sani ba. A nan ne Raelene ta durƙusa, ta ɗauki hancin tsohuwar ta tsakanin ƙarafa. Ya fito tas, gwanin kyau. Na'ura ta ce sabo ne, an gan shi sau ɗaya.

Uban Daji bai sauka daga kujerarsa ba. Ya ce na'urar ce ba ta da ladabi, kuma zai rubuta wa jami'a. Har yanzu dai ba a goge sunan Neville Mai Girma daga shafinsu ba. Cikin duk waɗanda aka taɓa gani a kurmin bakin rafi, shi kaɗai ne bai rasa wurin kwana ba.