Fulotin Malam Ashiru

Malam Ashiru ya daɗe yana koyar da lissafi a wata sakandare a garinmu, kuma abin da ya fi ji da shi, ka ba shi lambobin kusurwa uku na alwatika, ya fito maka da girman filin ko ruwa bai sha ba. Wata rana wani dillali ya kira shi a waya, wai ga wani fuloti mai kusurwa uku a bakin titi, mai shi na sauri, araha kamar kyauta. Malam bai je ya gani ba. Ya ce a turo masa lambobin da masu awo suka ɗauka, ya ga uku ne cif, ya biya.

Washegari a ofishin malamai yana ta ba da labari, sai Malam Tukur mai koyar da tarihi ya ce, "To Malam, girmansa nawa ne?"

"Yanzu kuwa za ka gani."

Ya ɗauki alli, ya jera lambobin a allo, ya ninka wannan da wancan, ya haɗa, ya ɗebe, ya raba biyu. Sifili ya fito. Ya goge, ya sake a hankali yana motsa leɓe. Sifili dai. Ashe turaku ukun da ke nuna kusurwoyin filin a kan layi ɗaya aka kafa su, a miƙe sambal.

Nan take ya kira dillalin. "Kai Ɗan'azumi, filin nan ba shi da faɗi ko kaɗan."

"Haba Malam, amma ai ka ga tsawon. A duk unguwar nan babu mai irinsa."

Da yamma ya koma gida, ko abinci ya kasa ci. Matarsa Kubura ta matsa masa da tambaya, ya zayyana mata komai, har da yadda lissafin ya fito.

Ta gama ninke kayan yara, sannan ta ce, "Yanzu Malam, ba za a iya yin ɗaki a wurin ba?"

"Ko kaza ba za ta samu wurin kwanciya ba. Turaku ne a jere, shi ke nan."

"To kar ka sayar. Ka sayo mini igiya, na samu wurin shanya."