Kifin Kyaftin Bang

"Kawu Gu, ni ko ido a rufe sai na zana maka bakin tekun nan kamar da tsinke." Wannan ce gaisuwar da Bang Man-sik ya yi mini ranar da ya zo kamfaninmu a Mokfo, takardar koyon tuƙi ko bushewa ba ta gama yi ba. Gilashi baƙi wuluk, wuya a sandare, wai Kyaftin za mu riƙa ce masa. Ni kuwa na tsufa a bayan jirgin sama ina danna kyamara, na ga irinsa da yawa.

Aikinmu, abokina, ɗaukar hoton gaɓar teku ne daga sama, ta wata 'yar taga a cikin jirgin daga ƙasa. Kuma sai ranar da ruwa ya janye ƙaf, laka ta fito fili. Ka kuskure ranar, sai wani watan. Shugaba Pyo, mai kamfanin, ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ya kawo hoto mai kyau ya samu aiki, in ba haka ba ya koma shanyar ganyen teku wurin babansa.

Ka san mu, sabon direba ba ya hawa sai an zuba wa taya giyar shinkafa, an ɗaura busasshen kifi da farin zare don neman sa'a. Da muka kawo maganar, gogan ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai shi ɗan kimiyya ne, camfi sai tsofaffi irina.

Ashe cika-bakin nan duk tsoro ne. Da sassafe ya lallaɓo da kifinsa a cikin riga, ya rarrafa ƙarƙashin jirgi inda ba mai gani, ya sami wani ɗan lungu mai santsi, ya liƙe shi ram da salatif.

Muna sama na ce masa wani baƙin abu ya tare mini allon kyamara.

"Inuwar gajimare ce, Kawu. Mun yi ta a makaranta."

Na ce gajimaren nan fa yana da haƙora. Ya ce in danna abin da aka ce in danna. To, wa ya isa ya ja da Kyaftin? Na yi ta dannawa, takaici kamar ya kashe ni, ruwa kuma ya dawo abinsa.

Da muka sauka shi da kansa ya tara ma'aikata, har da mai shara, a zo a ga aiki. Aka kunna allo. Kifi. Na gaba, kifi. Tun daga tsibiri na farko har na ƙarshe, ga shi nan baki wangame, ido ƙuru, ya haɗiye gaɓar gaba ɗaya.

Gogan ya share zufa, ya ce lallai daga ruwa ya yi tsalle ya maƙale.

Shugaba Pyo ta ce, "Busasshe? Da zare a wuya?"

Ta sa aka ɓanɓaro kifin, aka kai wa mai abinci ta yi romonsa, aka ajiye kwanon gaban Bang, duk muna tsaye.

"Sha abinka, Kyaftin," in ji ta. "Shi kaɗai ka kawo mana daga teku. In ka gama, babanka na jiran mai shanya."