Ranar da Allon Lantarki Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da aka yi taron iyaye a makarantar da nake koyarwa a Durumi. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni ne malamin lissafi na aji biyu a ƙaramar sakandare. A shekarar sakamakon yaranmu ya yi muni, har wasu iyaye suka fara kwashe 'ya'yansu. Shugabar makarantarmu, Hajiya Rakiya, ba ta iya zama ta zuba ido ba. Ta yi ta sintiri a Maitama, unguwar masu kuɗi, har ta samo wani bawan Allah ya ba mu allon lantarki, irin wanda ake taɓawa da yatsa, da ƙananan kwamfutocin hannu guda talatin. A cikinsu akwai gwajin lissafi: tambaya ashirin, kowacce da ɗan lokacinta, in an gama allon ya jera maki daga na ɗaya zuwa na ƙarshe.

Ranar Alhamis da yara suka fita tara, na shiga ajin ni kaɗai, na ce bari in ga abin da za a ba su. Na kunna ɗaya daga cikin kwamfutocin, na'urar ta nemi suna, na rubuta nawa cikakke (har da na mahaifina, don ni mutum ne mai tsari). Tambayar farko na amsa ina murmushi. Ta uku ce ta fara ba ni gumi. Agogo yana gudu a gefe, ni kuma ina laluben biro. Gaskiyar da har lokacin ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, shekara goma sha biyu ina koyarwa da yatsana a shafin amsoshi na bayan littafi. Nan kuwa babu bayan littafi. Na tashi da shida cikin ashirin.

Na leƙa ƙofa, ba kowa. Na kashe na'urar na mayar da ita kwali. A tunanina tamkar na goge alli ne daga allo.

Juma'a yara suka yi gwajin. Asabar iyaye suka cika ajin, Hajiya ta ce ni zan yi bayani. Na sha sabon kaftani, har da turare. Allon ya nuna makin kowa, amma ba sunaye. Can ƙasa na hango shida, kuma wallahi ko kaɗan ban kawo kaina ba. (Layi talatin da ɗaya ne a allon, yara kuma talatin. Malamin lissafi bai ƙirga ba.)

Na nuna shidan da sanda na ce, "Iyaye, ku dubi wannan. Shida! Wannan ba laifin makaranta ba ne. Yaro ne da ba ya buɗe littafi, kuma ba mai duba shi a gida. Abin kunya ne gare shi da iyayensa."

Sai wani dattijo ya ɗaga hannu, Baba Jauro, mai sayar da shanu, 'yarsa tana ajin. Ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba. Amma a faɗi sunan, in tawa ce in sani tun yau."

Na juya da ƙwarin gwiwa na ce, "Hajiya, a nuna musu."

Ta taɓa allon. Sunaye suka fito manya-manya. Maman Ebere, mai shagon ɗinki a bakin makaranta, ita ta riga kowa karantawa, da ƙarfi kuwa. Sannan ta dube ni ta ce, "Oga Malam, wannan ba sunanka ba ne? Ko yaronka ne yana wannan aji?"

Abin da ya fito mini kawai shi ne, "Matsalar netwok ce."

Hajiya ta ce a hankali, "Malam, allon nan ba ya aiki da netwok."

Aka fashe da dariya, wata mata har da riƙe ciki. Baba Jauro ne kaɗai bai yi ba. Ya dube ni da tausayi na gaske ya ce, "To Malam, kai wa yake duba maka littafi a gida?" Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Litinin Hajiya ta kira ni ofis, na tafi ina jiran takardar sallama. Na faɗa mata gaskiya duka. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yanke cewa daga yanzu kowane malami zai riƙa yin gwajin darasinsa kafin a ba yara, a kuma nuna makin a ɗakin malamai. Abokan aikina har yau ba su yafe mini ba.

Na koma ina yin lissafi da hannuna kamar sabon ɗalibi. Yanzu ina samun sha bakwai. 'Yar Baba Jauro tana samun sha tara, kuma in na yi kuskure a aji takan ɗaga hannu cikin ladabi ta gyara mini.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tsaya gaban jama'a kana caccakar na ƙarshe, ka fara neman a nuna maka sunan a keɓe.